Goro a Kumatu, Wayoyi a Ka

A gidanmu ba mai yarda da maganata, kuma ban ga laifin kowa ba. Ni ce na taɓa rantsuwa cewa na ga kifi a kogin Komadugu ya haɗiye akuya har da igiyarta. Ni ce kuma na gaya wa ƙannena cewa mai gadin lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, yana cire idonsa ɗaya ya ajiye a bakin ƙofa in zai shiga bayi. Don haka da na fara cewa barci yana kama ni ba sallama, kamar yadda jandarma ke kama mai laifi, sai kowa ya ce, "To, ta ƙirƙiro sabuwa."

Amma wannan karon gaskiya nake faɗa. Ina 'yar shekara sha biyar abin ya fara. Na yi barci a aji da bik ɗin rubutu a hannu, na ja layi daga saman kaye, littafin rubutuna, har ƙasa. Na yi barci da loma a baki. Wata rana a gonar Baba, can bakin kogi, aka sa ni juya tattasan da aka shanya, na farka fuskata cikin tarin, na yi atishawar da na tabbata an ji ta a ƙetaren ruwa, cikin Najeriya.

Waɗannan ni da kaina nake ba da labarinsu, har in ƙara gishiri. Akwai abu biyu da ban gaya wa kowa ba.

Na farko, in na yi dariya sosai sai gwiwoyina su saki, wuyana ya lanƙwashe, bakina ya rataye. Na koyi jingina da bango kafin in ba da labari mai ban dariya.

Na biyu shi ne motocin. Lokacin da barci zai ɗauke ni, ko da rana tsaka ne, sai in ji ƙarar moto, wato babur, daga nesa. Ɗaya, sai biyu, sai da yawa, irin ƙarar da na ji ina ƙarama ranar da muka gudo daga ƙauyenmu na wajen Boso. Sai su zo har bakin ƙofa su tsaya. Wani abu ya hau ƙirjina ya zauna. In so in yi ihu, ba murya. In so in ɗaga ko ɗan yatsa, ba hali. Mutane suna ce wa wannan dannau, amma ban taɓa jin wanda dannaunsa yake zuwa a kan moto ba.

Ranar da asirina ya tonu, ni na jawo wa kaina. Mushe, malaminmu na lissafi, ya fita, na tashi gaban aji ina kwaikwayon tafiyar darakta, shugaban lakwal ɗin, ciki gaba, hannu a baya. Aji ya fashe da dariya, ni ma dariyar ta kama ni, kuma ba bango kusa. Na zube ƙasa. Idona biyu, ina jin komai, amma jikina kamar buhun da aka zazzage.

Wani ya yi ihu, "Farfaɗiya!"

Na ji bencuna suna faɗuwa, ƙafafu suna tsallake ni. Na ji muryar ƙawata, wadda muke zama benci ɗaya tun aji ɗaya, tana cewa, "Kada ku taɓa yawunta, ana ɗauka!" Kafin in iya motsa hannu, aji ya zama fanko.

Darakta ya kira Baba. Ya ce iyaye sun zo masa da ƙorafi, ba zan koma aji ba sai na kawo takardar likita da ta faɗi abin da ke damuna. A shekarar nan zan yi jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. Na zauna gida wata ɗaya da 'yan kwanaki, ina ganin 'yan ajinmu suna wucewa ta ƙofar gidanmu ba mai leƙowa. Inna ta ware mini kofi, tana ɓoye fuska. Kaka, uwar Baba, ta ɗauki kofin nan a gaban kowa ta sha ruwa da shi, ta ce, "In ana ɗauka, to na ɗauka. Sai a ware mu tare."

Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin unguwarmu, shi ne ya gaya wa Baba cewa wata likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta zo daga Yamai, za ta yi mako ɗaya tana koya wa ma'aikatan asibiti yadda ake auna barci da na'ura, kuma tana neman masu matsalar barci da za a koya a kansu. Baba ya ce a kai ni. Kaka ta ce ba inda zan je ba tare da ita ba.

Inna ta ce ba za a kai 'yarta gaban manyan baƙi da kai a tsefe ba. Ta yi mini kitso ƙanana, ta shafe shi da man da zai isa soya ƙosan unguwa. Da likitar ta ga kan, ta cire tabarau ta goge ido. Gajeriyar mace ce, tana yi wa ɗalibanta faransanci, ni kuma tana yi mini Hausa da harshen Zabarmawa. Ta juya ga ɗaliban, su bakwai, maza da mata, duk manyan ma'aikata masu farar riga.

"Darasi na farko," in ji ta. "Ku riƙa gaya wa mutane su zo da kai wankakke, ba mai. Waya ba ta kamawa a kan wannan."

Aka kwance kitson, aka wanke kaina da sabulun wanki sau uku. Sannan likitar ta ɗauko abin awo irin na tela, ta auna daga karan hancina zuwa ƙeyata, daga kunne zuwa kunne, tana sa ɗigo da jan fensir. Kowane ɗalibi sai da ya auna. An auna kaina ranar nan fiye da yadda aka taɓa auna filin gado. A kan kowane ɗigo suka manna ƙaramin ƙarfe mai waya. Biyu a gefen idanu, wasu a haɓa, ɗamara a ƙirji, wani abu a yatsa mai jan haske.

"Na kai suna nuna ko ta yi barci da zurfinsa," likitar ta ce musu. "Na ido suna nuna ko ta shiga mafarki, don ido yana gudu a cikin mafarki. Na haɓa suna nuna ko nama ya saki."

Ɗakin tsohon ma'ajin kaya ne, an toshe tagarsa da baƙin bargo. Wayoyin sun bi ta ƙarƙashin ƙofa zuwa ɗakin da ke kusa, inda na'urar take zana layuka. Na kwana a nan da wayoyin, Kaka a tabarma bakin ƙofa. Daren ba shi da labari. Babban gwajin na rana ne. Likitar ta ce sau biyar za a kwantar da ni cikin duhu, kowane bayan awa biyu, a ba ni minti ashirin, in yi ƙoƙari in yi barci. Ta ce ba shayi, ba kofi, ba goro.

Da safe Kaka ta ce za ta raka ni bayi. Muna shiga ta rufe ƙofa, ta kwance bakin zanenta. Goro uku, farare, manya. Ta kuma fito da ƙaramin fulas daga ƙarƙashin mayafi, shayi ne tafasar farko, baƙi kamar ruwan rini.

"Kaka, ai an hana."

"Ke, rufe mini baki. Kin taɓa ganin mai takarda ya nemi abu a jikin talaka don alheri? Cewa suke ki yi barci don su gani su rubuta. Budurwa kamarki ta yi barci sau biyar da rana tsaka, gaban maza baƙi, su sa a takarda? Ni da muka zo garin nan, wani yaro mai bik ya rubuta mini shekara casa'in a kati. Har yau ina yawo da casa'in. Na je ofis nawa? Abin da aka rubuta ba ya fita. Jarrabawa ce wannan. Ki ci ta. Kada ki rufe ido."

Gaskiya ban yi mata gardama sosai ba. Ni ma tunanina ke nan: in na'urar ta kama ni, farfaɗiya za ta ce, lakwal ta ƙare. Kuma a ƙarƙashin wannan akwai ɗayan tsoron. Sau biyar cikin duhu, ni kaɗai, yana nufin motoci sau biyar. Na shanye shayin, na cinye goro biyu, na ɓoye na ukun a kumatu.

Aka kashe wuta a karo na farko. Zuciyata tana bugawa har ina jin ta a haƙora. Na tauna goro a hankali, na mintsini cinyata, na lissafa manyan biranen Afirka, na koma na lissafa duk wanda ya taɓa ba ni haushi a kartiye, unguwarmu ke nan. Aka kunna wuta. Na ji kamar na ci kofin gasa.

A karo na biyu shayin ya fara gajiya. Duhun ya yi nauyi, gadon ya fara nutsewa, kuma can nesa na ji moto ɗaya. Na ciji harshena har na ji gishirin jini. Ƙarar ta ja baya. Na ci gaba da tauna kamar raƙumi.

Da aka kunna wuta, likitar ta shigo ɗauke da na'urar, ɗalibai bakwai a bayanta. Ta juya musu allon.

"Ku dubi layin haɓa. Wa zai gaya mini mene ne wannan?"

Wani dogo ya ce ko waya ce ta saki. Wata ta ce ko farfaɗiya ce ƙarama.

"A'a. Ku lura da yadda yake hawa yana sauka daidai-daidai. Za ku riƙa ganinsa da yawa a ƙasar nan, gara ku san shi tun yau. Tauna ce." Ta dube ni. "'Yammata, buɗe bakinki."

Na buɗe. Harshena ja kamar na lashi bangon laka.

"Haka yake tun haihuwa," na ce. "Duk danginmu haka muke, har awakinmu."

Ɗaliban suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce su fita, ta kira Kaka, ta rufe ƙofa.

Kaka ba ta jira a tambaye ta ba. "Ni na ba ta, 'yata. In faɗa ne, ki yi da ni."

"Iya, ba faɗa zan yi ba." Likitar ta zauna a bakin gado. "Jiya da dare ban ga alamar farfaɗiya a kanta ba. Amma dare ɗaya bai isa in rantse ba. Sai na ga abin da yake kayar da ita. In ba ta yi barci ba, ga abin da zan rubuta: an duba, ba a gano ba. Ke kuma 'yammata, daraktanku zai buɗe miki aji da wannan?"

Na san ba zai buɗe ba.

"Gwajin yau ya lalace. Jibi da safe jirgina zai tashi, na'urar kuma tare da ni za ta koma. Gobe kaɗai ta rage."

Kaka ta murza bakin zanenta. Ni kuwa na ji hawaye suna bin wayoyin fuskata. A nan na faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, motocin da abin da ke hawa ƙirjina. Ina faɗa ina jiran a ce ta ƙirƙiro sabuwa. Kaka ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ita ce ta goye ni ranar da muka gudo.

Likitar ta tambaye ni ko abin yana zuwa a farkon barci ne ko a tsakiya, ko ina ganin ɗakin, ko ina jin magana lokacin da na faɗi a aji. Ta rubuta duk abin da na ce. Ban taɓa ganin an rubuta maganata ba.

"Zan gaya miki gaskiya," ta ce. "In ya zo gobe, zan gan shi a layukan. Amma ba zan shigo in tashe ki ba. Dole in bar ki minti goma sha biyar daga lokacin da barci ya ɗauke ki, in ba haka ba gwajin bai cika ba."

"Ki bar ni da su?"

"In bar ki da su. Ina bayan bangon nan, kakarki tana bakin ƙofa."

Na sake kwana da wayoyi. Da safe Kaka ta kwance bakin zanenta gaban likitar, ta zazzage wani goron da ta ɓoye a tafin hannun likitar, ta ce, "Riƙe mini, kada Shaiɗan ya sake ba ni shawara."

Aka kwantar da ni. Aka kashe wuta.

Ban san yadda zan kwatanta wannan ba tare da ƙari ba, kuma ba na son in ƙara komai a nan. Na saki hannuwana a gefe. Ban mintsini kaina ba. Na ji moto na farko, na bar shi ya zo. Suka taru, suka cika harabar asibitin, na ji ƙafafu suna sauka. Ƙofar ɗakin tana gabana, ina ganin siririn hasken ƙarƙashinta, ina ganin inuwar Kaka. Na ce a raina za su fara da ita. Abin ya hau ƙirjina. Na kira Kaka da duk ƙarfina, ko iska ba ta fita ba. Na tabbata a ranar nan na mutu a ɗakin ajiyar kaya da wayoyi a ka.

Aka kunna wuta. Likitar ce tsaye da na'ura.

"Kin yi barci?"

"Ban yi ba! Idona biyu! Sun shigo, ba ku ji ba?"

Ta kira ɗaliban, ta zauna kusa da ni don ni ma in gani. Ta nuna wani wuri da yatsa. "A nan aka kashe wuta. A nan ta yi barci, ko minti biyu ba a yi ba. Yanzu ku dubi layukan ido." Layuka biyu suna tsalle suna karo da juna kamar 'yan awaki. "Ku dubi na haɓa." Ya kwanta shimfiɗe, ba motsi. "Mai lafiya sai ya yi fiye da awa yana barci kafin ya kai nan. Ita da ta rufe ido ta faɗa mafarki. A cikin mafarki jiki yana kulle kansa, don kada mutum ya tashi ya gudu da gaske. Nata kullewar tana zuwa ba a kan lokaci ba: tana rabin farke, ko tana tsakiyar dariya. Shi ya kayar da ita a aji."

Dogon ɗalibin ya ce, "Ke nan ba farfaɗiya ba ce?"

"Sau ɗaya bai isa ba. Saura huɗu."

Saura huɗu. Na dubi ƙofa, na auna ko zan iya gudu da wayoyin har gida. Kaka ta shigo ta kama ƙafata ta riƙe. Tsakanin kowane gwaji aka hana ni gyangyaɗi, ɗaliban suna karɓa-karɓa wajen sa ni hira. Na ba su labarin kifin da ya haɗiye akuya. Wata ma'aikaciya mai ƙiba ta yi dariya har ta riƙe ciki, dariyarta ta kama ni, wuyana ya saki, na kife a kan gado. Ba wanda ya gudu. Likitar ta ɗaga hannuna ta sake shi ya faɗi, ta ce musu, "Ku yi mata magana, tana jin ku." Mai ƙibar ta goge mini yawu da hannunta.

Na koma cikin duhun sau huɗu. A biyu daga ciki motocin sun dawo, kuma sanin cewa mafarki ne bai rage musu ƙara ba ko kaɗan.

Da yamma likitar ta rubuta takardar. Sunan ciwon narkolepsi. Ta rubuta cewa ba farfaɗiya ba ne, ba a ɗaukarsa, kuma a bar ni in kwanta kaɗan lokacin hutun safe da bayan azahar. Ta ce ita farfaɗiyar ma ba a ɗaukarta ta yawu, ta sa ɗalibanta su maimaita wannan da ƙarfi kamar 'yan aji ɗaya. Ta gaya mini ciwon ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi, kuma maganinsa sai an aiko daga Yamai.

Kaka ba ta yarda da takardar nan take ba. Ta kai wa majo ya karanta mata, ta kai wa wani malamin lakwal mai ritaya, ta kai wa mai kantin magani, don ta ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Da ya zo ɗaya, ta naɗe ta a leda, ta kai wa darakta da hannunta.

Na koma aji ranar Litinin. Ƙawata ta riga ta koma wani benci, kuma ba ta dawo ba. An ba ni tabarma a ɗakin da ake ajiye littattafai. In aka buga ƙararrawar hutu, sauran suna rugawa wajen mai fanke, ni kuma in tafi can in kwanta. Wasu ranakun lafiya lau. Wasu ranakun, da na rufe ido sai in ji moto na farko daga wajen kogi, in san saura suna tafe, kuma ba likita a bayan bango.

Ƙannena sun tambaye ni abin da na'urar ta gani a kaina. Na gaya musu gaskiya, layuka da mafarki da kullewar jiki, suka ce ƙarya nake. Sai na ce an samu ƙaramar rediyo ce a ciki, tana kama tashar Injamena. Ƙaramin har yau yakan manna kunnensa a ƙeyata in ina barci, wai ko zai ji waƙa.